Sunan da Ba Ya Cikin Rajista

Ruwan sama ya wuni yana lasar tuddan Valparaíso,
jiragen ruwa can ƙasa suna nishi kamar shanu a turke.
Doña Herminia ta hauro matakala casa'in
da kwamfutarta naɗe cikin tawul,
ta ce, "Nibaldo, jiya lafiya lau muka rabu.
Yau na danna, ta buɗe ido,
ta faɗi magana layi biyu, ta ƙi tashi."

Na danna ni ma. Fanka ta yi ajiyar zuciya.
Baƙin allo, farin rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa.
Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a,
tabarau na manta a gida,
girman kai ne kawai na tuna na zo da shi.
Na zargi batir. Ba shi ba ne.
Na zare ƙwaƙwalwarta, na goge haƙoranta na zinariya,
na mayar, na danna.
Layi biyun nan dai, ko gezau.

Wisline, yarinyar shagona,
wadda ta zo daga Haiti da jaka ɗaya da hannu mai natsuwa,
ta leƙo ta bayan kafaɗata.
Ita ba ta yi zargi ba, karantawa ta yi:
"An saka katin da ba a yarda da shi ba.
A kashe, a cire."
Sai ta dubi tsohuwar: "Wa ya buɗe ta kwanan nan?"

Ashe jikanta ne, Fermín.
Ya ga intanet na rarrafe,
ya sayo katin waifai a kasuwar Lahadi,
sabo ful, mai saurin tsiya, kuɗin kofi uku.
Araha dai ba ta ado.

Noti bakwai, ɗaya ya ɓuya ƙarƙashin takarda.
Ga shi nan kwance, bai kai ɗan yatsa biyu ba,
da siraran wayoyi, baƙa da fara,
maƙale a kansa kamar maɓallan riga.
Ta ɓalle su da farce. Ta zare shi.
Ta danna.
Allo ya waye kamar ba a taɓa faɗa ba.

Na ce, "Katin ba shi da laifi, Doña, lafiyarsa ƙalau.
Ramin ma daidai da shi aka yanka.
Amma akwai mai gadi a can ciki,
yana farkawa kafin kowa ya farka,
da rajistar da aka rubuta masa tun a masana'anta.
Ba ya tambayar me ka iya.
Lamba yake dubawa.
In babu, kowa ma ya kwana a waje."

Wisline ta yi dariya ba da yawa ba.
"Na san mai gadin nan," in ji ta,
"ran Litinin ma ina da layi a ofishinsa."
Ban ce komai ba. Na hura ƙurar da babu ita.

Muka jawo akwatin matattun kwamfutoci,
muka tona har muka sami wani tsohon kati,
'yan gida ɗaya da ita, lambarsa na rubuce.
Ba shi da sauri. Amma da ɗan gari akan ci gari.
Aka ɗaura masa baƙa da fara,
mai gadi ya ɗaga kai, ya bar shi ya wuce.
Doña Herminia ta biya, ta naɗe tawul, ta gangara.

Da na zo rufe shago,
na tarar da Wisline a teburin baya,
ta buɗe wata kwamfuta da muka haɗa da tarkace,
marar murfi, marar suna,
ta saka mata baƙon katin.
Babu wanda ya tambaye shi daga ina.
'Yar fitila ta kama, shuɗiya,
ya shiga jero sunayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya,
har da na gidan burodin da ke can gindin tudu,
wanda ni ban taɓa kamawa daga nan ba.