Ikko Ta Karɓe Ka

Hoton da na tura Illela ranar Juma'a
Inna ta sa an zaga da shi gida gida.
Ku ga Nomau, in ji ta,
fuska kamar watan daren sha huɗu,
Ikko ta karɓe shi.

Ban ce mata komai ba.
Hoton a wuya ya tsaya.

Shekara shida ina sauke kwandunan tumatir
a kasuwar Mil Sha Biyu,
har gwiwa ta fara kuka irin na tsohon ƙyaure.
Mai kemis a Ketu ya ƙirgo min farare, ƙanana,
ya ƙulle a leda, babu suna babu takarda:
biyu da safe, biyu da dare.
Ciwo ya tafi ko sallama bai yi ba.
Na yi ta komawa, damina biyu.

Sai tozo ya tsiro min a ƙeya kamar bijimi,
ciki ya yi gaba, ƙafafu suka koma sillen kara.
Nankarwa ja ta tsattsaga min kwiɓi,
ni da ban taɓa ɗaukar ciki ba.
Bakin kwando ya ɗan goge ni,
wata guda wurin yana ruwa.
Matakalar gadar Ojota da nake hayewa da kaya a ka
yanzu sau uku nake hutawa, hannu wofi.
Dare ya raba, janareton maƙwabta ya mutu,
ni idona biyu, ƙishi, fitsari, ƙishi.
Na zagi Bagudu a kan naira ɗari,
Bagudun da muke shimfiɗa kwali ɗaya.

A asibitin Idi-Araba
likita Folarin ta juya takarda ta zana ƙoda biyu,
ta ɗora wa kowace 'yar hula.
Waɗannan, in ji ta, su ke ɗiga maka kotisol,
kaɗan kaɗan, kamar gishiri a miya,
da asuba ya tashe ka, ranar tsoro ya tsaya maka.
Kai kuwa buhu guda ka juye a tukunya.
Da suka ga an yi musu aikinsu
sai suka miƙe ƙafa suka yi barci.

Na ce to yau na watsar da ƙwayar a kwata.
Ta riƙe hannuna.
Kul! Mai barci mai nauyi ba a watsa masa ruwa.
Ka yanke yau, gobe a ɗauko ka ranga-ranga.
Za mu rage rabi, sannan rabin rabi,
har su farka da kansu.

Wata na biyar ke nan.
Ina raba ƙwaya da reza a kan murfin bokiti.
Kumatu na sacewa, tsohon wando ya dawo ƙugu,
jiya na haye gadar da hutu ɗaya.

Inna ta bugo da magariba.
An nuna mata sabon hoto.
Nomau, ka rame. Ko garin ya juya maka baya ne?
Dawo gida.

Na buɗe baki zan faɗa mata zancen huluna biyu,
sai kati ya ƙare.