Zogale a Bokiti

Shekara goma sha ɗaya ina buga hatimi
a kan takardun filayen mutane.
Ƙafa hamsin, ƙafa ɗari,
wannan a kan kwana, wancan na kallon gabas.
Na san faɗin Sakkwato da tawada,
amma ba ni da taki ɗaya
da zan kafa wa akuya turke.

Albashi na shigowa da sallama ƙasa-ƙasa,
kamar baƙon da ya san ba zai kwana ba.
Waya ta yi ƙara, in duba:
dubu saba'in da huɗu.
Kafin la'asar mai shago ya ji,
ɗan garuwa ya ji,
makarantar su Ige ta aiko da takarda.
Abin da ya saura Luba ke ƙullewa a bakin zane,
ta ce, wannan na Alhaji ne.
Wata goma sha biyu muna ƙulli,
ranar kwancewa bai kai rabi ba.

A Rijiyar Ɗorowa muka fara,
ciki da falo, da inuwar dogon yaro.
Can Luba ta dasa zogale bayan ɗaki.
Ya kai kafaɗata, ya fara fure,
sai ga Ɗantsoho dillali da carbi a hannu:
"Malam, mi kaka so in yi?
Siminti ya tashi."
Na dubi bangon.
An gina shi tun ban yi kaciya ba,
simintin da ke ciki ya daɗe da yin barci.
Wa ya tashe shi ya gaya masa farashi?

Muka koma Mabera.
Ta sake dasawa.
Shekara biyu, aka ce ɗan mai gida zai yi aure.
Auren bai zo ba har yau,
wani ɗan banki ne ke shanya rigarsa a igiyarmu.

Yanzu muna bayan Dambuwa,
inda gari ya gaji ya zauna.
An ce nan da sauƙi.
Sauƙin ɗan kabu-kabu ke karɓewa,
safe da yamma, hannu a miƙe,
ranar da babu in taka da ƙafa,
rana tana dukan ƙeyata kamar ita ma tana bina bashi.

Jiya Ige ta zo da aikin gida:
zana gidanku.
Ta ciji fensir, ta ce, Baba, wanne?
Na ce, wanda kika fi so.
Ta zana amalanke,
da katifa a sama, da tukwane a ɗaure,
da mu huɗu muna biye.
Malama ta ba ta bakwai cikin goma,
ta rubuta da jan biro: ina ƙofa?

Na yi lissafi a bayan wani tsohon fayil.
In ban ci ba, ban sha ba, ban yi zazzaɓi ba,
in takalman yara suka yarda suka daina matsewa,
wata shida cur na Alhaji ne.
Sauran shidan kuwa
ga mu nan, ga Allah.

Ba na zagin mai gida.
Shi ma ya ce mini buhun gero bai san shi Alhaji ba ne.
Sai dai tsere ne tsakanin doki da mai ɗingishi,
kuma kowace shekara a ce in ƙara ƙoƙari.

Luba ta daina dasa komai a ƙasa.
A tsohon bokitin fenti zogalen yake yanzu,
ta huda gindin da ƙusa,
ta bar masa mariƙinsa don ranar tashi.
Ganyensa ƙanana ne, amma yana isar kwaɗo ɗaya.
Ran Juma'a na ɗaga shi zan share wurin,
sai na ji ya riƙe.
Saiwa ɗaya siririya ta bi ta hudar
ta kama ƙasar Alhaji.

Na tsuguna na daɗe ina kallonta.
Saura kwana arba'in haya ta ƙare.
Ban gaya wa Luba ba.
Ban tsinke ta ba tukuna.