Rimin Aboabo

An shafa wa rimin Aboabo jan fenti.
Ran Litinin zarto zai zo,
wai kantin siminti za a kafa.

Tun asuba Baba Gariba
ya shimfiɗa buzunsa a gindin.
"Nan fatake suka sauke kanwa,
suka ɗaure goro,
kakana bai ko yi haƙori ba.
Ku fara ta kaina."

Masu koko suka jawo benci.
Jemagu na reto a sama, tsit,
kamar masu jiran alƙali.

Mai zarto ya iso da gumi,
ya dubi saiwar da ta fi shi tsawo,
ya roƙi ruwa, ya sha a inuwar.

Fentin na nan har yau.
Ruwan Kumasi na cin sa kaɗan-kaɗan.