Saura Ɗaya da Rabi

Kuran ya ɗauke a Harobanda tun bayan isha'i.
Ni da Cima, tabarma ɗaya, fitila ɗaya,
sauron kogin Isa na karɓar harajinsa a idon sawu.
Jibi Mushe Arzika zai tattara takardu:
ƙwayar hiliyom, matakan ƙarfinta, a lissafo.

Bara haidirojin muka yi, ya miƙa wuya:
cibiya ɗaya, ilektaron ɗaya,
lissafi ya rufe ruf, kamar faifai kan ƙwarya.
Bana an ƙara ɗaya. Ɗaya tak.
Alƙalami ya turje kamar jaki a bakin gada.

Ubana Nomau rijiya yake haƙa a ƙauyukan Tawa.
Yakan sari mataki a jikin bango,
nan ɗaya, can ɗaya, tsakaninsu ba wurin tsayawa.
Ko ka taka wannan, ko ka taka wancan.
Ranar da Mushe ya ja layukan nan a allo
saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini:
ashe rijiya ake koya mana da Faransanci.

Tambayar dai zurfi ce.
Su biyun nan da ke zaune a gindi,
ƙarfi nawa za a kashe a fito da su duka?

Da ƙarya na fara, yadda aka ce a fara:
a ɗauka ba su san da juna ba.
Ɗari da takwas da ɗigo takwas.
Na haƙa a takarda har na zarce ruwa da gaba talatin.
Na dawo na sa musu turin da suke wa juna,
ɗan guntun rubutun nan mai taurin kai
da ya hana a raba lissafin gida biyu.
Saba'in da huɗu da ɗigo takwas.
Yanzu kuma igiya ta gaza.
Masu awo sun daɗe da aunawa: saba'in da tara.

Cima ta sunkuyo, ɗaurin kallabinta ya tare fitila.
"Matsa, kin cinye mini haske."
"Ke tun ɗazu nawa kike ci."
Sai shiru.
Ta ɗago. Na ɗago.

Jan cibiya biyu ne, amma ba biyu ke isowa ba,
kowa na yi wa ɗan'uwansa inuwa.
Muka kwance lambar, muka bar ta sake,
muka shiga tayi kamar a kasuwar Katako,
ƙasa, ƙasa, har inda lissafi ya ce albarka:
ashirin da bakwai bisa goma sha shida.
Biyar cikin sha shida, rabon inuwa ke nan.
Saba'in da bakwai da rabi.

Saura ɗaya da rabi.

Cima ta ce sha huɗu bisa ashirin ma abinci ne,
ta ja zane ta juya wa bango fuska.
Ni barci ya ƙi.
Cikin ɗaya da rabin nan ake kaucewar:
in wannan ya yi gabas, wancan ya karkata yamma,
ba manzo, ba sallama.
An ce manyan na'urori sun bi sawunsu ɗigo bayan ɗigo,
igiya kan igiya, ƙulli kan ƙulli,
amma ba wanda ya rubuta shi layi guda ya rufe.

Shekarar da gwiwa ta fara cin ubana,
a wata tsohuwar rijiya bayan Kalfu,
guga ya dawo mana busasshe sau uku.
Ya saki tsakuwa. Ya ɗaga yatsa, kada in yi numfashi.
Can, can ƙasa: ɓul.
Ya ce, "Ruwa na nan, Tsahara.
Igiyar ce tamu."

Wajen ƙarfe huɗu kuran ya dawo,
fanka ta yi tari ta fara juyi, ta ɗaga mini shafi.
Na danne shi da kofin shayi,
na ja layi biyu ƙarƙashin saba'in da bakwai da rabi,
a gefe, da fensir, ƙanana ƙanana,
na rubuta saba'in da tara.
Ban goge ba.