Shingen da Muka Ja

Ƙarfe uku na rana, Umeå ta riga ta yi duhu.
Tuva ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalminta,
ta dire kofi gefen allo, ko sannu babu.

Gabanmu yankin ƙodar ɓera ne,
kaurinsa bai kai ɓawon albasa ba.
Na'ura ta kwana tana ƙirga saƙonnin cikinsa:
kowane saƙo ɗigo, kowane ɗigo da launinsa,
miliyan huɗu da 'yan kai,
kamar an ɓarar da gero a kan baƙin mayafi.

Mazauna sun samu, gidajen ne babu.
Muka ce wa manhaja: nemo cibiyar kowace ƙwaya,
ki yi taku kaɗan daga nan, ki ja layi.
Ta ja.
Nan take allo ya zama saƙar zuma,
ɗaki jingine da ɗaki,
wani mai kusurwa shida, wani kamar an taka shi.

Na yi murna, ban ɓoye ba.
Tuva ta kai farcenta ƙasan hoton:
ɗigo goma sha ɗaya, ruwan ɗorawa,
zaune daidai kan layi.
Na dama ne? Na hagu ne?
Mun matsa shingen, sai ƙwayar hagu ta sauya suna,
ta tashi daga mai tace gishiri
ta koma abin da littafi bai sani ba.

Eskil ya leƙo, rigar sanyi a kafaɗa,
ya ce nama ba takarda ba ne,
wata ƙwaya na kwance bisa wata,
ƙila kayan maƙwabcin sama ne suka zubo.
Ya tafi kama bas.

Tuva ta ce kakanta ma'aunin filaye ne a bakin kogin Vindel.
Duk bazara ruwa ya kwashe masa turaku,
duk bazara ya koma ya kafa,
bai taɓa cewa kogin ya yi kuskure ba.

Ido ba mudu ba ne, na ce, amma ya san ƙima.
Ta ce nawa idon ya gaji.

Muka ba su launin toka, sha ɗayan nan,
muka rubuta: ba a san gidansu ba.
Na adana hoton da layukansa tsaf, masu kyau,
kyan da ya sa nake ɗan tsoronsu.

A waje dusar ƙanƙara ta shafe gefen titi.
Da ƙafa muka lalubi hanya.