Kujerar Dama

Saƙon ya same ni a kan buhun albasa
a kasuwar Yelwa, rana ta take.
Na goge hannu a wando na duba waya:
"Mun ɗauke ka. Ka iso Legas ran sha biyu."
Sau uku na karanta.
Mai awo yana ta kira, Muttaka, buhu nawa?
Na ce masa wallahi ƙirga ta ɓace.

Shekara biyu da wata bakwai
takardar shaidata tana kwance a gindin akwati
tare da rigar salla da ƙwayar kafur.
Na gama Zariya, na iya tashi, na iya sauka,
na dawo ina riƙe wa Alhaji Kokani littafin bashi.
Matuƙi, miƙo biro. Matuƙi, kawo canji.
Suna faɗa suna danne dariya,
ni ma ina tayawa, don kada a ga ciwon.

Gwamnati ta biya rabin kuɗin karatu ta yi shiru.
Baba ya kwance injin jirginsa ya kai kasuwa.
Da shekara sittin ya koma filafili,
yana haye Kwara da mata da awaki da babura,
kafaɗarsa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na gangara bakin ruwa na miƙa masa wayar.
Bai karɓa ba. Sai da ya ɗaure igiya a turke,
ya kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgi,
sannan ya ce:
"Jirgi dai jirgi ne.
Kada a cika maka shi ya wuce ƙima.
Ka ƙirga waɗanda suka shiga,
ka sauke su cif yadda ka ɗauka."

A Legas suka kulle ni a akwatin gwaji,
suka kashe mini inji ɗaya, suka turo hadari,
ƙararrawa tana kuka, gumi har cikin takalmi.
Wata uku a haka.
Sannan tela ya auna kafaɗata
aka ɗora mini igiya biyu,
'yan ƙanana, ko tsawon yatsa ba su kai ba,
amma daren nan na kasa barci don nauyinsu.

Ranar farko, Kyaftin Dikko Bungudu yana hagu,
furfura a gemu, magana kamar da kuɗi yake saye.
Ina karanta jerin dubawa yana amsawa,
murya tana so ta yi rawa ina taka mata birki.
Muka ɗaga muka nufi arewa.
Da muka yi nisa ya ce, bai ko dube ni ba,
"Kai za ka sauke mu. Ai gida za ka."

Can ta tagar dama na hango Kwara
kamar rawanin da aka warware aka shanya.
Na nemi jirgin Baba.
Daga nan sama ko tsibiri ƙwayar gero ne,
balle mutum ɗaya da filafili.
Na mayar da ido kan agogunan gabana.

Fadamun shinkafa suka taso kore shar,
titin Ambursa ya miƙe yana jira,
iska tana tunkuɗa mu ta gefe
irin yadda igiyar ruwa ke yi dab da gaɓa.
Na karkata hanci, na riƙe, na riƙe,
taya ta daki kwalta, dum!
Kyaftin ya gyara hula ya ce,
"To, ƙasar Kabi ta san ka iso.
Gobe ka yi mata sallama tukun."

Na tsaya a bakin ƙofa suna fita,
leɓena yana motsi ba wanda ya lura.
Sittin da takwas, da jariri a goye.

Na kira shi, ina jin ruwa yana dukan katako.
Na ce, Baba, cif.
Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ya ce, "Madalla. Bari in haye da mutanen nan,
magariba ta kusa."