Dalma da Raɗe-raɗi

Ruwan Agusta ya tsare mu a shago,
bayan Taminus, inda kwata ke cin rabin hanya.
Ni ina kan tebur da ƙarfen liƙi a hannu,
hayaƙin dalma na shiga mini ido,
su uku a kan benci, gardama ta kai rufi.

Sabi'u ya ce ya ji daga bakin wani
da ya ji daga wani mai shigo da kaya:
sabon akwatin gem ɗin da ake jira,
wanda ko suna ba a raɗa masa ba,
masu jan tambari ne za su dasa masa ƙwaƙwalwa.
Davou ya ja tsaki, ya ce kore ne,
ya rantse da masarar da yake gaigaya.
"In kore ya shiga, ciyawar fili sai ta yi rawa,
ka ga gumin ɗan ƙwallo yana sauka ɗis-ɗis."
Mudi, da kullum bashi yake bugawa a gidan gem,
ya tsaya wa shuɗi,
don dai kada a raba gardama babu shi.

Jariri bai faɗo ba tukuna,
ana kokawa kan wa zai yanke cibiya.

Ban tanka ba. Majinyacina na gabana,
tsohon akwati, cikinsa a buɗe,
fankarsa ta shaƙe da gashin mage.
Na ɗaga ƙwaƙwalwar a hankali da hantsaki.
Faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba.
A ƙarƙashinta, ta cikin gilashi,
ƙwayoyin dalma a jere, sahu bayan sahu,
sun fi tsabar acca ƙanƙanta.
Ɗaya ce kawai ta tsage,
duk duniyar da ke ciki ta mutu.

Nan ne kakana Barau ya faɗo mini a rai.
Daga Gumel ya taho da ƙafa, yana saurayi,
ya haƙi kuza a Bukuru shekara goma sha tara,
kwano a ka, laka har gwiwa.
Ya ce bai taɓa tambayar ina ake kai ta ba.
An ce masa gwangwani, ya ce to.
Ramin da suka bari yana nan,
ya cika da koren ruwa marar motsi,
iyaye na hana yara zuwa bakinsa.

Ni kuma ina sayen ta a nannaɗe kamar zare,
da rubutun da ban iya karantawa ba,
kullum kuɗinta na ƙaruwa.
Ko akwai ƙwaya ɗaya daga kwanon kakana a ciki?
Ban sani ba. Wannan kam ba a raɗe-raɗinsa.

"Oga, kai ka raba mu! Ja ko kore?"

Na ce, ko wane launi ne, zai iso.
Ba bana ba, ba baɗi ba.
Sai ya tsufa a ɗakin wani yaro a wata ƙasa,
ya kwana wata biyu a kwantena,
ya bi ta hannu huɗu da riba huɗu,
sannan ya hau tebur ɗin nan da zazzaɓi.
Ranar zan buɗe shi in faɗa muku.

Suka ce na cika kashe hira.
Sai aka ɗauke wuta.
Ƙarfen ya fara hucewa a hannuna.

Nanret ce ta leƙo, ruwa na zuba daga lemarta,
kuɗin gyara a ƙulle cikin leda.
Akwatin na ƙaninta ne, yana kwance da karaya,
sati uku bai taka ƙasa ba.
Ta ce, "Ya tashi?"
Na ce saura ƙwaya ɗaya.

Mudi ya miƙe ba a aike shi ba,
ya fita cikin ruwa ya ja igiyar janareta.